Wanne ne mai hannu biyu?

Sau uku ke nan yau ina komawa wani shago a Xiaobei, unguwar da muke sarin kaya a nan ƙasar waje, har mai shagon ya daina tashi idan na shigo. Kwamfutar gem mai teburi zan kai falonmu na Kano, ko ƙaramin gem ɗin da ake jonawa da talabijin? Gobe za a rufe kwantenar da za ta kai kayana gida, na kasa zaune na kasa tsaye.

Raina na kan kwamfutar. Na kira 'yata Ummi a bidiyo, na nuna mata su duka biyun.

Ta ce, "Abba, wanne ne mai hannun bugawa biyu?"

Na ce, "Me ya sa?"

"Ɗaya naka, ɗaya nawa. Waccan ai baya za ka juya mana."

Wata huɗu rabona da gida. Ashe kaina nake saya wa, na fake da falo.

Iyaye matafiya, ku wa kuke yi wa tsaraba?