Turbar dorina a tsibirin da mai gidana ya kwanta

Me ya kai maharbin tudu tsakiyar ruwa yana da furfura? Har yau ban sami amsa ba. Ban yi karatu ba, ɗiyar ƙanwata ce ke rubuta abin da nake faɗa, in kuka ya tare ni ta jira.

Mai gidana ya shekara arba'in yana bin sawun namun daji a Arewa. Bayan samun mulkin kai, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, na Dogon Dutsi ya fara haɗa littafin dabbobi da tsuntsayen wani tsibiri da ke kogin Kwara, kusa da Gaya. Ya roƙe shi ya je ya riƙa karanta masa sawu. Ya tafi, bai dawo ba. Da na fita takaba na ce sai na ga kabarinsa.

Mun tashi da asuba, ni da ƙanwata da malamin, a bayan babbar motar gyaɗa. Kafin mu kai garin Kore Mairuwa ramukan hanya sun girgiza mini sauran haƙoran da nake taƙama da su. Mun kwana a hanya, muka ci dambu da ƙuli-ƙuli. A Gaya kifi ya fi nama araha, amma bakina ya ƙi karɓa.

Ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba. Da na ga Kwara sai na ja da baya. Wani dattijo Basarke, cikin masu sana'ar kamun kifi, ya ɗauke mu a jirginsa, ya hana mu magana da ƙarfi. Na rufe ido ina salati. Can wani abu ya yi gurnani ta ƙarƙashinmu, har na ji shi a ƙashin bayana. Ƙanwata ta riƙe ni, faratanta suka huda mini hannu.

Da muka sauka na ga turba mai faɗi, shararriya, ta ratsa cikin ciyawa. Na ɗauka ta mutane ce, na bi. Basarken ya fizgo ni har na faɗi.

"Inna, nan mai gidanki ya tsaya shi ma," in ji shi.

Ya bayyana mini cewa dorina ce ta yi turbar. Tana fita kiwo da dare, da safe ta koma ruwa ta inda ta fito. A wurinmu maharbi yana bin sawu ne ta baya, dabba tana gaba tana gudu. Mai gidana ya durƙusa yana auna sawun da tafin hannunsa, bai san mai sawun tana dawowa ba.

Kabarin yana kan tudu, gindin giginya, Sarkawa sun jera masa duwatsu. Na yi addu'a, kunnena yana ga ciyawa.

A nan malamin ya buɗe littafin, rubutun hannu ne, ba a buga ba tukuna. Ya nuna mini zanen gauraka, kada, da sawun nan mai yatsu huɗu. Ya ce zai sa sunan mai gidana a farko. Na ce ya karanta mini abin da ke ƙarƙashin sawun. Ya karanta girmanta da abincinta, shi ke nan.

"Malam, sunansa ba zai tsare kowa ba. Rubuta cewa kada baƙo ya tsaya tsakanin dorina da ruwa."

Ya rubuta a gabana. Na sa ya karanta sau biyu.

Mun iso gida ranar Juma'a. Abin da na koyo, gwanin wani daji baƙo ne a wani, kuma baƙo tambaya yake yi. Har yanzu ina jin gurnanin nan in na sunkuya bakin rijiya.

Ranar da mai gidana zai tafi na raka shi ƙofar gida. Ya gyara jakarsa, ya ce:

"Koma ɗaka, raɓa ta yi yawa. In na dawo zan gaya miki yadda kogi yake."