Kwamfuta Mai Lamba Huɗu

Abarshi maƙwabcina ne a Hanwa. A wani ƙauye bayan Giwa aka haife shi, ya shigo Samaru yana saurayi, ya yi shekara talatin da ɗaya yana ban ruwa a gonar gwaji ta jami'a. Karatunsa na coci ne, a hankali yake bin Hausa da yatsa. Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya ɗaya, Jemimah, wadda ta zama nas.

A 2004 Jemimah ta sami aiki a ƙasar waje. Kafin ta tafi, ta kai shi shagon intanet na Madam Nonye, wata 'yar Sabon Gari mai kwamfuta takwas a bakin titin Samaru. Ta zaunar da shi gaban ta huɗu, ta buɗe masa akwatin imel. Burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ta tambaya ko ta riƙe kalmar sirri. Jemimah ta danna e.

"Baba, ba sai ka haddace komai ba," in ji ta. "Ka danna nan, ka danna nan. Ita za ta tuna."

Duk Asabar yakan je karanta wasiƙar Jemimah. In ya tarar da ɗalibi a kan ta huɗu sai ya jira, ko da sauran bakwai ɗin babu kowa.

"Baba, ai duk ɗaya ne," Nonye takan ce.

"Wasiƙuna a cikin wannan suke, Madam."

Sai ta yi dariya ta ƙyale shi. Ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ɗalibai kuma su ce, "Baba Lamba Huɗu, budurwar ta rubuto?"

A 2006 Jemimah ta kwanta ciwo na mako biyu, ta rasu. A can aka binne ta. Abin da ya rage wasiƙu ne tamanin da shida. Abarshi bai fasa zuwa ba. Ya koma kan ta farko, yana karanta ɗaya kowace Asabar. Bai gaya wa kowa a shagon ba.

Su ɗalibai sun saba liƙa wa burauza ƙananan manhajoji, wannan ta kiɗa, waccan ta fuskokin murmushi, har suka cinye rabin allo. Ashe ɗaya a ciki satar kalmomin sirri take yi. Aka shiga akwatin wani malami aka aika saƙonni da sunansa. Nonye ta kira Oladipo mai gyaran kwamfuta, ya goge dukkan takwas ɗin, ya sa sabuwar burauza wadda ke mance komai da zarar mutum ya tashi. Daidai ya yi.

Ran Asabar Abarshi ya danna nan, ya danna nan. Gurabe biyu suka fito, na suna da na kalmar sirri, babu komai a ciki.

"Madam, ta manta ni."

"Sa kalmar sirrinka mana, Baba."

"Wace kalma?"

Oladipo na shagon. Ya jawo kujera, ya gano sunan akwatin a wata tsohuwar takarda da Abarshi ke yawo da ita, ya yi 'yan danne-danne.

"An gama, Baba! An tura sabuwar kalma zuwa akwatin wata Jemimah. Ku buga mata waya kawai ta karanto muku."

Abarshi ya dubi allon. Ya ce, "To." Ya zauna har rabin awar da ya biya ta cika, ya tashi ya mayar da kujera inda take.

Ni na gaya wa Nonye daga baya cewa Jemimah ta rasu. Ta zo gidan da lemo a leda, ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shiga.

Ya ƙara zuwa shagon sau biyu, sannan ya daina. Wata rana ina zaune da shi na tambaye shi ko ya kai ƙarshen wasiƙun.

"A kan ta arba'in da ɗaya na tsaya," ya ce. "Tana maganar sanyi, wai ta sayi safa."

Ya ɗauki bokiti ya nufi tumatirinsa na bayan gida.