Safar Hannun Hagu ta Goggo Tattali

A asibitin da take aiki ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Goggo Tattali ake ce mata, kuma ta ci sunan. Shekara ashirin da uku tana ɗakin masu rauni a matsayin mai taimaka wa nas-nas, cikin koren kaya. A takarda aikinta gyaran gado ne da kwashe tasa. A zahiri ita ke wanke gyambon da kowa ke toshe wa hanci, ita ake kwaɗa wa kira in jijiyar yaro ta ɓuya.

Sunan ya samo asali ne daga kwalin safar hannu. Kwali ɗaya ake ba ɗakinsu, a ce ya kai ƙarshen wata, alhali ko kwana goma ba zai yi ba. Sai Goggo ta koya wa hannunta dabara: dama ce kaɗai ke taɓa ciwo, hagu tana gefe. In ta gama, safar dama ta tafi kwandon shara, ta hagu kuwa a ninke ta a soka a aljihu, don mara lafiya na gaba. Da wannan aljihun ta rufa wa ɗakin asiri shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Sai da 'ya'yanta suka kama gabansu ta shiga makarantar jinya, ta zauna aji ɗaya da sa'o'in autarta. Ta gama lafiya, saura jarrabawar lasisi. Sau biyu tana cin ta rubutu tana faɗuwa a ta aikin hannu, abin da ya fi komai ƙona mata rai. Wannan karon shi ne na uku, kuma an gaya mata daga shi babu wani. Fararen kayan nas da ta ɗinka tun karon farko suna rataye a bayan ƙofa cikin leda, har wuyan rigar ya fara ja.

Ana gobe jarrabawa, da la'asar, ta kwantar da mijinta a doguwar kujerar falo. Tsohon direba ne, ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya. Ta zana masa ciwo a ƙwauri da jan biro, ta miƙa masa takardar da aka jera matakan wanke rauni, ya ɗora tabarau a karan hanci.

"Sannu Malam, ni ce mai jinyarka yau," ta ce, murya a sanyaye.

"Yau kuma ni ne Malam? Shekara talatin ban ji wannan muryar ba."

"Baban yara, don Allah bar wasa. Duba takarda."

Ta wanke hannu, ta jera auduga da bandeji a faranti, ta goge ciwon biro daga tsakiya zuwa waje. Ta naɗe ƙafar tsaf, ta miƙe tana jiran yabo.

"Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Amma mene ne wannan ke leƙowa daga aljihunki?"

Ta duba. Safar hagu ce, a ninke. Wallahi ba ta san lokacin da ta sa ta ba.

"Takarda ta ce a cire duka biyun a jefa a kwando. Har jan layi suka yi a ƙarƙashi. Wai wanda ya ajiye safar da ya yi aiki da ita ya faɗi nan take."

"Ai ba ta taɓa komai ba! Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin ranar ashirin ga wata a ɗakinmu ba."

"To, gobe ba ɗakinku za ki ba. Sake."

Suka sake. Sau tara suna yi, tana jefa safa a kwando tana jin kamar naman jikinta take yarwa. A na ƙarshe ya ce ƙafarsa ta warke, a sallame shi haka nan. Ta yi dariya, amma da ya juya baya sai da ta tsince safofin daga kwandon ta adana.

Washegari aka shigar da ita wani ɗaki mai sanyi, mutum-mutumin roba kwance a gado, ga kwalayen safa har uku a kan tebur, ko buɗe biyu ba a yi ba. Goggo ta daɗe tana kallon kwalayen. Masu jarrabawa biyu ne. Ɗaya dattijuwa ce da ba ta sani ba. Ɗayar kuwa Sista Doguwa ce, wadda ta zo ɗakinsu tana ɗaliba shekara goma sha biyu da suka wuce, ta yanke jiki ta faɗi ranar da ta fara ganin ƙuna, Goggo ta yayyafa mata ruwa. Yau ita ke riƙe da biro.

Goggo ta gaida robar da ladabi, ta sa safa a hannu biyu, ta yi aikin da ko a littafi sai haka. Dattijuwar har gyaɗa kai take. Da ta manna filasta ta ƙarshe sai ta ji sanyi a ranta, ta ce yau kam an gama. Ta cire safa, ta nufi wurin wanke hannu.

"Goggo," Sista Doguwa ta ce a hankali, ba ta ɗago kai ba. "Me kika sa a aljihu?"

Goggo ta juyo. Ta kalli kwandon, safa ɗaya ce a ciki. Biron dattijuwar ya riga ya sauka a takarda.

Bayan sati shida aka kafe sunaye, ba ta ko je dubawa ba. Mijinta ne ya je, ya dawo ya sauke ledar fararen kayan daga bayan ƙofa ya tura ƙarƙashin gado. Ita kuwa ta goge koren kayanta ta tafi aiki. Baƙin cikin da ke cinta ya fi ƙarfin kuka. Safar nan tana cikin jakarta tun ranar, ta kasa yar da ita.

Ranar ashirin da biyu ga wata ce. Tana gyaran gado sai ga wata sabuwar nas, 'yar ajinsu, wadda sunanta ya fito a sahun farko, ta taho da sauri cikin farin kaya ƙal. An kawo wani da babur ya yaga wa ƙafa, jini na zuba, kwali kuma wayam.

"Goggo, don Allah ko kina da safa? Ko ɗaya ce."

Goggo Tattali ta buɗe jaka ta ciro ta, ta warware ninkin.

"Ungo, 'yata. Robar jarrabawa kawai ta gani," ta ce. "Ta hagu ce, ki juya ta."