Tsohon da Ban Ɗauki Muryarsa Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isufu, mutumin Damagaram da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen ƙira da gyaran jiragen ruwa a bakin kogin Rhône, kudu da Lyon. Allah ya jiƙansa.

Aikinsa miƙe ƙarfe ne. In jikin jirgi ya lanƙwashe bayan walda, sai ya shafa shi da tafin hannu, ya ɗora wuta a wuri biyu ko uku, ya bi da ruwa, ƙarfen ya koma daidai ba guduma. Sanin inda za a ɗora wutar shi ne sana'ar, kuma ba a rubuce yake ba.

Da sa'o'insa suka fara ritaya, wata cibiyar horaswa a Paris ta ɗauke ni, ina sabon injiniya, in bi tsofaffin ma'aikata da rakoda kafin su tafi da abin da suka sani. Na zauna da Faransawa da Larabawa, na yi ta tambaya har suka gaji da ni. Mutum ɗaya na tsallake, mahaifina. Ni ne ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "wannan", ni kuma ban iya zama gabansa ina jero masa tambayoyi ba. A hawa na tara na wani bene a unguwar Minguettes na girma, amma kunyar Damagaram ta hau har can tare da mu. Kullum sai in ce bari sai bayan Sallah. Har ya rasu ban kunna masa rakodar ba.

Yau masu koyo a gaban allon kwamfuta suke fara walda. Da mahaifina ya gani, ina jin zai tambaya ko allon yana zafi.

Bara na leƙa wani ajin horaswa a Vénissieux, kusa da Lyon. Malamar, Nadiya, wadda ta koyi aiki a hannun mahaifina, ta sa ɗalibai sun cire safar hannu suna shafa ƙarfe ido rufe. Da ta gane ni, ta ce ya sha ba su labarin ɗansa injiniya.

"Ya ce kai za ka rubuta duk wannan," in ji ta. "Jira yake ka tambaye shi."

Maganar ta yi mini ciwo, har yau ma. Abin da ya saura na sana'arsa yana hannun Nadiya da ɗalibanta, ba ya cikin takarduna. Na cire safar hannuna, na bi layin ɗaliban.