Mai Fiyanon Jarwal

A Jarwal, wata unguwa a Makka, Hashimu Mai Keke ake ce masa, saboda keken guragun da yake tura tsofaffin alhazai a kai. Ba shi da igama, takardar zama, don haka rabin aikinsa turi ne, rabi kauce wa askarawa. Ko matarsa Kabira, mai dafa wa alhazai tuwo, iyakar saninta ya taɓa yin kiɗan Turawa a gida.

A Jos aka haife shi. Ubansa kuku ne a gidan wani Baturen haƙar kuza, a falon kuwa akwai fiyano da tarin fayafayan jaz na baƙaƙen Amurka. Da kunne ya koya. Kafin gemu ya fito masa ya zama mai fiyanon wani otel a Sabon Garin Kano, yana tsara kiɗansa da kansa: hannun hagu na tafiya irin ta kalangu, na dama na yawo inda ya ga dama. Faifai ɗaya ƙungiyarsu ta yi. Sai rikici ya ɓarke a gari, otel ɗin ya ƙone da fiyanon a ciki, mai busa musu ƙaho ma ranar aka kashe shi. Hashimu ya zo umara don zuciyarsa ta huce, bai koma ba.

Ya riga ya yi furfura lokacin da aka kira shi unguwar Aziziyya, bayan saukowa daga Arfa, ya ɗauki wani alhaji mai ciwon gwiwa. Yana sunkuyawa zai gyara masa ƙafa, tsohon ya cafke wuyan hannunsa.

"Hashimu? Kai ne, ko idona ne?"

Lurwanu ne, mai gangar ƙungiyarsu. Nan bakin titi suka sha kuka, motocin alhazai na ta yi musu oda.

"Mutumina, har sadakar mutuwarka mun yi," in ji Lurwanu. "Ka san faifan nan ya tashi? Wasu ne suka tono shi a Turai suka sake bugawa. Yanzu samarin Legas da Kano hannunka suke koyo."

Ya kunna masa a waya. Hashimu ya tsaya cikin rana ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaron nan ya iya."

"Kai ne fa!"

"Na sani."

Lurwanu ya dage sai ya koma gida a gan shi. Amma komawa na nufin ya miƙa kansa ga hukuma, a ɗauki hoton yatsunsa, a rufe masa ƙofar dawowa. Ga 'yarsa Hadil, haifaffiyar Makka, ba ta da takardar kowace ƙasa, Hausar ma da ƙyar take haɗa ta. Wa zai bar wa ita da uwarta?

"To, ko a waya in ɗauke ka kana bugawa, su san kana raye," in ji Lurwanu.

Suka sami wani Abdulilah a unguwar Hindawiyya, jikan Hausawa ne mai kiɗan biki, yana da fiyanon lantarki a ɗakinsa. Hadil ta rako ubanta, don ba ta yarda da labarin ba. Lurwanu ya saita wayarsa, Hashimu ya zauna, ya shafa maɓallan, ya yi bisimilla. Kiɗan na nan cikin kansa, ko ɗigo bai zube ba. Sai dai ciwon suga ya kashe masa kan yatsu, riƙon keke kuma ya tanƙware su. Inda ya nufi maɓalli ɗaya, biyu yake dannawa. Ya sake. Ya kuma sakewa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Abdulilah ya sunkuyar da kai.

"Abuya, halas," Hadil ta ce a hankali. "Ya isa."

Hashimu ya ɗora hannuwansa a cinya ya dubi Lurwanu. "Goge shi. Bar su da wancan faifan."

Lurwanu ya goge a gabansa, ya koma Kano da jirgin alhazai. Hashimu ya koma turin keke, bai ƙara tayar da zancen ba.

Shekara na zagayowa ƙusa ta soke shi a ƙafa, bai ma ji ba sai da wurin ya fara wari. Tsoron a tambaye shi igama ya hana shi zuwa asibiti. Kabira ta yi ta sa masa zuma da lalle, har ciwon ya shiga jini. Ranar da maƙwabta suka ɗauke shi da ƙarfi, likita ya ce an makara. A daren ya cika. Washegari aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Shara'i, inda ba a rubuta suna a kan kabari.

Hadil ta buga lambar Lurwanu don ta sanar da shi. Ɗansa ne ya ɗauka, ya ce Baba ya sami shanyewar jiki, ba ya gane kowa. Ta yi ta ƙoƙarin bayani da guntuwar Hausarta, tana cakuɗa ta da Larabci. Mutumin ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, sannan ya tambaye ta, "Wa kika ce ya rasu?"