Kafaɗar Mai Gyaran Keke

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ban san kaina ba. Ina goye aka kawo labarin gobara ta tashi a masaukin ma'aikata, can garin da mahaifina ya je aiki, kuma wai babu wanda ya fita daga ɗakinsu. Ba a ga gawar da za a ce tasa ce ba, amma aka yi kuka aka haƙura. Da mahaifiyata ta sake aure, Gwaggo ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta sake ni ba. Uwata take kirana, don sunan kakata aka sa mini.

A asibiti ta ƙare ƙuruciyarta, a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi. Mace ce gajera mai faɗa, ba ta haihu ba, mijinta kuma bai yi tsawon rai ba. Aikin ya shiga jikinta har ya zama ba ta kallon mutum kamar yadda kowa ke kallonsa. Muna tafe a titi sai ta zungure ni ta ce, "Kin ga mai jar hular can? Ya taɓa karya ƙugu, kuma ba a ɗora shi daidai ba." Ko hoto za ta ɗauke ni da waya sai ta ce, "Ja numfashi, riƙe, kar ki motsa."

Da ta yi ritaya zaman gida ya hana ta sakat. Ta yi faɗa da mai kawo ruwa, ta yi da maƙwabta, har kyanwar gidan sai da ta canza wurin kwana. Ni ce na sayo mata kwalin allin zane mai laushi, wanda masu yi ke kira fastel, da takardu masu kaushi, don dai a samu lafiya. Ta harare ni ta ce yaushe ta koma 'yar firamare. Ba a yi wata ba na tarar ta jawo tebur gaban taga. Daga nan gidan ya koma wani abu daban. Allin nan gari gare shi, da yatsa ake murza shi a kan takarda, don haka duk abin da ta taɓa sai ya nuna: marfin buta shuɗi, hannun ƙofa ruwan goro, gefen tabarau ɗinta kore.

Wata tsohuwar abokiyar aikinta ce ta sa ta a zauren masu zane na intanet. Duk farkon wata mai kula da zauren zai ɗora hoto guda da wani daga cikinsu ya ɗauka, kowa ya zana shi yadda ya iya, ya ɗora nasa kafin wata ya ƙare. Ba kyauta ake ba kowa ba, yabo ne da gyara. Gwaggo kuwa ta fi kowa gyara. Za ta buɗe zanen wani ta yi tsaki ta ce, "Wannan hannu ne ko igiya? Ina gwiwar?" Duk da haka suna son ta, don idan ta zana mutum sai ka ji kamar zai miƙe.

Wata Asabar da hantsi na kai mata cefane. Na samu ƙofa a buɗe, buta na ƙauri a kan wuta, ruwan ya ƙone. Ita kuma tana zaune daɓas a ƙasa, abin da ba ta yi saboda gwiwarta. Kwalin allin ya kife, sun warwatse har ƙarƙashin kujera. Na ɗauka shanyewar jiki ce.

"Gwaggo! Gwaggo, ki yi magana!"

Ta ɗago ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta miƙo mini wayarta.

"Uwata, ubanki ne."

Hoton watan ne. Wani dattijo mai gyaran keke, a tsugune gefen bango, ya ba da baya, rabin fuskarsa kawai ake gani. A kan tebur na ga har ta gama bangon da tayoyin da aka rataye, ta fara fitar da mutumin, layin ya tsaya cak a kafaɗa.

"Gwaggo, Baba ya rasu sama da shekara talatin."

"Dubi kafaɗar dama. Kin ga ta fi ɗaya sauka? Daga kan rufin ɗaki ya faɗo muna yara, a gabana, ƙashin ya haɗe a karkace. Dubi hannun da ya riƙe sifana. Bahago ne. Dubi ɗan yatsan nan da ya miƙe shi kaɗai, haka yake riƙe cokali."

Na ce mata masu karkatacciyar kafaɗa ba su ƙirguwa a duniya. Na ce ko kewa ce, ko idon ne ya gaji. Ta daka mini tsawar da rabona da jin irinta tun ina makaranta.

"Ni za ki koya wa kafaɗa?"

A ranar ta rubuta wa mai kula da zauren, shi kuma ya haɗa ta da wadda ta ɗauki hoton, wata malamar makaranta a garin da ke da tafiyar yini daga namu. Ina nan amsar ta shigo, Gwaggo ta karanta a fili. Malamar ta ce dattijon yana kusa da makarantarsu, tun tana yarinya take ganinsa a wurin. Ba ya magana sosai, ba a san masa dangi ba. Ta ce ta bayansa ta ɗauke shi don ba ya son a ga ɗaya gefen fuskarsa, akwai tabon ƙuna daga kunci har wuya.

Gwaggo ta tsaya a kan kalmar ƙuna. Ni ma na zauna a ƙasa, cikin garin alli.

Muka kama hanya. Malamar ta tarye mu a tasha, ta kai mu har bakin layin, ta nuna da hannu ta koma gefe. Ga bangon, ga tayoyin, ga mutumin a tsugune yana ɗaure sarƙar wani keke, kamar hoton ne aka hura wa rai.

Gwaggo ta tsallaka titi ko duba mota ba ta yi ba. Ta tsaya a bayansa.

"Yaya."

Bai juyo ba, amma hannunsa ya tsaya. Can ya ce, "Ƙarama?"

Ban taɓa jin wani ya kira ta haka ba. Na ɗauka rungume shi za ta yi. Sai kawai ta ɗaga jakarta ta maka masa a baya, ta ƙara, ta ƙara, tana kuka tana cewa, "Mun yi maka makoki! Inna ta mutu tana kiran sunanka!" Mutane suka fara taruwa. Shi kuwa ko kare kansa bai yi ba.

A kan bencin da masu jiran gyara ke zama ya ba mu labari, idonsa a ƙasa. Ta taga ya fita, wuta na ci a rigarsa. Ya daɗe kwance a wani asibiti ba ya iya magana, ba wanda ya san ko shi wane ne. Da ya warke ya ga fuskarsa, sai ya kasa dawowa, yana ta cewa sai gobe, har shekara ta zagayo ta sake zagayowa. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya iso unguwarmu, mai shagon bakin layi bai gane shi ba. Shi ya shaida masa mai gidan can ya mutu a gobara, matar ta yi aure har ta haihu. Yana tsaye sai ga Gwaggo ta fito riƙe da hannuna, ina tsalle tana dariya.

"Na ga kun riga kun warke," in ji shi. "Na ce in na shigo, sabon ciwo zan kawo."

"Warke? Wa ya gaya maka mun warke? Don ka ga haƙorana a waje?" Ta fizgo hannuna. "To ga ta nan. Ga wadda ka bari."

Sai a lokacin ya dube ni sosai. Ya miƙe tsaye, ya ɗauki tsumma yana goge hannu, ya goge, ya sake gogewa. Ni da nake da 'ya'ya uku, na rasa abin da ake ce wa uba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina wuni, Malam."

"Lafiya lau," ya ce, hawaye na bin tabon.

Bai biyo mu a ranar ba. Ya ce akwai kekunan mutane a hannunsa, ba zai tafi ya bar su a kwance ba. Gwaggo ta ce, "Kekuna ka san ba a bari."

Da muka dawo na kira mahaifiyata. Na gaya mata komai. Ta ce, "Ke kin gan shi da idonki?" Na ce na gan shi. Ta yi salati a hankali, ta ce za ta kira ni, ta kashe. Sai da aka kwana biyu ta iya tambayata ko yana da lafiya, ko ya yi wani auren. Na ce mata bai yi ba.

Yanzu yakan zo duk bayan 'yan watanni, ya sauka a gidan Gwaggo. Ya ƙi tarewa gaba ɗaya, mu ma mun daina matsa masa. 'Ya'yana tun ranar farko suka liƙe masa, ba su ko tambayi tabon ba, ni ce dai har yau nake lallaɓawa. Gwaggo kuwa ba ta gama hucewa ba. Wata rana za ka same su suna hirar ƙuruciya suna dariya har da riƙe ciki, wata rana kuma ta dire masa kwano a gaba ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Shi kuma sai ya ci abincinsa, ya wanke kwanon, ya zauna a tsakar gida yana jira ta fito.