Fitilar da Hajiya Ta Daina Kunnawa

Ban taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da sunan Hajiya Mariyama ya koma ja a kan allo ba. Na nemi izininta kafin in ba ku labarin nan, ta ce in bayar, ko wani ya amfana.

Ku da kuka shigo aiki bayan an saba da na'urar, bari in fara gaya muku yadda abin yake a lokacin. Gidan tsofaffin nan namu na unguwar Bronx a New York kashi biyu ne. Hawa na ɗaya zuwa na huɗu na waɗanda suke iya riƙe kansu ne, kowa da ɗakinsa da makullinsa. Hawa na biyar na waɗanda suke bukatar nas dare da rana. Wanda aka hau da shi can, ɗakinsa na ƙasa ya fita daga hannunsa ke nan. Ni a lokacin babbar mai kula ce a hawa na uku, ina ƙarƙashin babbar nas, Marisol.

A bazarar shekarar aka kawo abin da suke kira ƙirƙirarriyar basira. Ba kyamara, ba abin ɗaukar murya. 'Yan ƙananan na'urori ne aka manna a ƙofa, da gefen gado, da makunnin fitila, da firiji. Kwamfuta tana koyon yadda kowane tsoho yake tafiyar da yininsa. In komai na tafiya yadda ya saba, sunansa kore ne a allo. In an ɗan sami canji, rawaya. In canjin ya yi yawa, ja. Ba a saka wa kowa sai ya yarda, kuma in ya so, ana tura launin zuwa wayar ɗansa ko 'yarsa. Dokar gida ita ce, duk wanda ya koma ja, a cikin makon nan za a zauna a duba ko zama shi kaɗai ya fi ƙarfinsa.

Abokiyar aikina Memuna, 'yar Zangon Kumasi, ita ta raɗa mata suna Uwar Gulma. Ta ce, "Wannan ba ta barci, ba ta zuwa hutu, kuma ba ta san sirri ba. Ko a Zango ba mu da irinta."

Hajiya Mariyama da mijinta Alhaji Isuhu mutanen Maraɗi ne. Ya daɗe yana da shago a titin 116 a Harlem kafin ƙafa ta hana shi tsayuwa. Duk gidan an san su da abu ɗaya: ba ka ganin Hajiya a hanya sai hannunta yana cikin nasa. Haka suke sauka ɗakin cin abinci, haka suke hawa. Turawan gidan suna nuna su suna murmushi. Memuna takan ce, "Alhaji, ka sake ta mana, ba mai sace maka ita." Shi kuma ya ce, "Ke dai ba ki san New York ba."

A farkon kaka Allah ya yi wa Alhaji rasuwa. Hajiya ta shiga takaba.

Ranar Litinin ɗin nan, kafin in cire rigar sanyi Marisol ta kira ni ofis. Ta ce ɗan Hajiya, Bashir, wanda yake aiki a wata jiha mai nisa, ya ga jan launi a wayarsa tun da asuba. Ya kira, ya sake kira. Yana so a hau da mahaifiyarsa hawa na biyar cikin makon nan. An sa zama ranar Alhamis.

Na san abin da wannan yake nufi, domin ni ma ban cika shekara da fita takaba ba. Na yi wa Marisol bayani a hankali. Na ce macen da mijinta ya rasu tana zama wata huɗu da kwana goma. Ba ado, ba turare, ba fita sai da lalura. Kuma a ɗakin da mijinta ya bar ta ake so ta kwana har ta gama. In aka ɗauke Hajiya yanzu, a wurinta an yanke mata haƙƙi na ƙarshe da take bai wa Alhaji.

Marisol ta saurare ni har na gama. Sannan ta juyo da allon wajena, ta ce mu bi abin da na'urar ta gani ɗaya bayan ɗaya.

"Ta daina sauka cin abinci."

Na ce takaba ce. Muna kai mata ɗaki.

"Ta daina zuwa motsa jiki. Ƙofarta ba ta buɗewa sai in ku ne."

Na ce takaba ce.

"Ta daina kunna fitila. Tun mako na biyu da rasuwar, ba a taɓa makunnin falo ba sai lokacin da ma'aikaci yake ciki. Shi ma na addini ne? Ba gardama nake ba, Hadiza, ban sani ba ne."

Na buɗe baki zan ce e. Sai na tsaya. Babu inda aka hana mai takaba kunna fitila. Abin da ya sa na kusa cewa e shi ne, lokacin tawa takabar, in na dawo daga aiki ɗakinmu na unguwar University Heights, nakan zauna a kujerar maigidana har magariba ta wuce ban kunna komai ba. Ba wanda ya hana ni. Ban dai ga abin da zan kalla ba ne.

Na ce mata, "Ba ya cikin addini. Wataƙila baƙin ciki ne."

Ta ce, "Wataƙila. Ki je ki gani. Ke za ta fi yi wa magana."

Da la'asar na ɗauki shayi na hau. Rana ta fara gajarta, ɗakin ya yi duhu-duhu. Hajiya tana zaune a kan darduma da carbinta, cikin farin mayafin nan da ba ta canzawa sai in an wanke.

"Hadiza ce? Shigo, ɗiyata."

"Ina wuni, Inna. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya. Lahiya kuka wuni?"

Na ajiye kofin a kan ƙaramin tebur, ba a inda na saba ba, domin akwai faranti a wurin. Ban yi da wata niyya ba. Ta miƙa hannu inda ta saba samunsa. Hannun ya taɓa faranti, ya koma gefe, yana lalube a hankali kamar mai neman allura a tabarma. Kofin yana gabanta sosai.

Na tura mata shi har ya taɓa yatsunta. Na zauna a ƙasa kusa da ita.

"Inna, tun yaushe?"

Carbin ya tsaya a hannunta.

"An kai shekara biyu. Hazo-hazo ya fara. Yanzu haske da duhu duk kusan ɗaya ne gare ni, mi zan kunna hitila in yi? Alhaji ne idona. Shi ka gaya mini ga mataki, ga ƙofa, ga wance tana gaishe ki. Kuna cewa soyayya ce." Ta ɗan yi murmushi. "To, ita ɗin ce."

Na tambaye ta magungunanta. Ta ce da Alhaji ne yake zuba mata a tafin hannu. Yanzu da yatsa take gane su, wannan dogo ne, wannan zagayayye. Na ɗauko kwalaben na duba. Biyu daga ciki girmansu ɗaya, siffarsu ɗaya. Ɗaya na hawan jini ne, ɗaya na sukari.

Ta kama gefen rigata. "Ɗiyata, ki ruha mini asiri. Saura kaɗan in gama. In sun ji, sama za su kai ni. Ke kin san takaba. Kada ki bari a hid da ni daga ɗakinshi."

Ban taɓa jin nauyin aikin nan kamar lokacin ba. In na yi shiru, wata rana za ta sha na sukari biyu a madadin ɗaya, mu shigo mu same ta a ƙasa. In na faɗa, na ba Bashir hujjar da ta fi jan launi ƙarfi.

Na ce, "Inna, ba zan iya ɓoye maganar magani ba. Amma ba zan kai maganarki a bayanki ba. Zan kira Marisol yanzu ta zo nan, ki gaya mata da bakinki, ni in fassara."

Ta saki rigata. Ba ta ƙara ce mini komai ba ranar, ko da na yi mata sallama.

Marisol ta karɓi magungunan a yammacin nan, ta sa a riƙa kawo mata safe da yamma. Sauran magana sai Alhamis. Talata da Laraba na yi su ne ban san me nake ci ba. In na kai wa Hajiya abinci sai ta ce, "Aje nan," shi ke nan. Memuna ta ce in kwantar da hankali, tsohuwa ba ta fushi da mai kawo mata tuwo har abada. Ban iya yin dariya ba.

Ranar Alhamis aka yi zaman a ɗakin Hajiya, domin Marisol ta ce ba sai an fito da ita ba. Bashir yana kan waya, muna ganin fuskarsa. Yaro ne mai kirki, tsoro ne ya cika shi. Yana jin Hausa amma da Turanci yake mayarwa. Ya ce na'urar ta nuna mahaifiyarsa tana cikin haɗari, ga kuma maganar ido, me ake jira?

Marisol ta ce masa, "Na'urar ta nuna mana inda za mu duba, kuma ta yi daidai. Amma ba ta san dalili ba. Rabin abin da ta gani zaman makoki ne, rabi ido ne. Ba ita ke sa hannu a mayar da mutum sama ba. Mu ne, kuma sai mun ji ta bakin mai ɗakin."

Hajiya ta juya fuskarta wajen muryar ɗanta. "Bashiru, kana ji na?"

Cikin Hausarsa mai tuntuɓe ya ce, "Mama, me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Babanka ya hana. Ya ce in an sani, ni za a kai sama, shi a bar shi ƙasa. Shekara nawa muna tare, a raba mu da lifta? Yanzu ya tahi. Ka bar ni in gama mishi wannan a ɗakinshi. In na gama, ka kai ni inda ka ga dama."

Bashir ya rufe fuskarsa da hannu. Muka jira shi.

Abin da aka tsayar shi ne: za ta zauna a ɗakinta har ta gama. Mai kula zai shiga sau uku a yini. Za a kai ta wurin likitan ido da rana, wanda takaba ba ta hana ba. Duk mako a sake dubawa, kuma in ta faɗi ko sau ɗaya, maganar hawa na biyar ta dawo. Marisol ta kuma tambaye ta ko tana so a ci gaba da tura launin zuwa wayar Bashir, tunda Alhaji ne ya ba da izini a madadinsu su biyu tun farko.

Ta ce, "A bar na'urar, ta yi aikinta. Amma shi ya daina kallon launi. In yana son sanin lahiyata, ya kira ni."

Sauran makonnin nan, kullum in na shiga ofis sunanta nake fara dubawa a allo. Allah ya sa ba ta faɗi ba. Ta gama takabarta a ɗakin. Likita ya ce yanar ido ce, aka yi mata aiki a ido ɗaya. Ɗayan ya riga ya wuce gyara.

Tun daga nan aka canza abu biyu da kuke bi yanzu. Ba a tura wa iyali jan launi sai ma'aikaci ya fara zuwa ya zauna da tsohon. Kuma in mutum yana makoki ko azumi, ana sanar da na'urar, amma ba a kashe ta.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Na'urar tana ganin abin da ya canza, ba ta san dalili ba. Mu kuma da muka san mutanen, wani lokaci mukan riga mu ba da dalili kafin mu duba. Na san takaba, shi ya sa duk abin da na gani na kira shi takaba. In allo ya yi ja, kada ku tsorata, kada kuma ku yi saurin cewa kun san abin da ke faruwa. Ku hau ku zauna a ƙasa kusa da mutumin.

Bayan an cire mata bandeji, na kai mata shayi da la'asar. Ta ce in kunna fitila. Ta daɗe tana kallon hular Alhaji da ke rataye a bayan ƙofa. Sannan ta juyo ta dube ni sosai.

"Ashe haka kike, ɗiyata. Kin rame. Ke wa ke duba ki?"

Da na koma gida ranar, kafin in cire takalmi na kunna fitilar falo.